Kundin Aikin Zanen Jirgin Victory a Yaƙin Trafalgar

7 ga Oktoba, 2024

An tsai da shawara kan abin da za a zana. Hoto ne na fentin mai a kan yadin lilin, faɗinsa santimita 180, tsayinsa 120. Jirgin yaƙin Birtaniya ne mai suna Victory, ranar 21 ga Oktoba, 1805, a tekun da ke daura da gaɓar Trafalgar, kudu da birnin Kadis na Sifaniya. A ranar ce manyan jiragen Birtaniya 27 ƙarƙashin Admiral Nelson suka gwabza da 33 na taron dangi, 18 na Faransa da 15 na Sifaniya, ƙarƙashin Admiral Villeneuve na Faransa.

Yaƙin ya ci kusan awa biyar, hoto kuwa minti ɗaya yake iya riƙewa. Mintin da aka zaɓa shi ne lokacin da goshin Victory ya kusa ratsa sahun abokan gaba ta bayan Bucentaure, jirgin Villeneuve, tsakanin ƙarfe 12:30 da 1:00 na rana. Littattafan jiragen da suka halarta sun sha bamban kan ainihin mintin, domin kowane jirgi da agogonsa. Duk abin da ya faru bayan wannan lokaci ba zai shiga ba: babu harbin Nelson, wanda ya zo wajen 1:15, babu gobarar jirgin Faransa Achille, wanda ya tarwatse da yamma lis.

Akwai dalilin wannan tsauri. Babban hoton wannan yaƙi da mai zanen Ingila Turner ya yi wa Sarki George na Huɗu tsakanin 1822 da 1824 ya tattara abubuwan awanni da dama cikin firam ɗaya: tutocin saƙon da Nelson ya ɗaga kafin azahar suna sama, ginshiƙin da ke riƙe ƙyallayen iska yana faɗuwa, Achille yana cin wuta, jirgin Faransa Redoutable kuma yana nutsewa, alhali sai washegari ya nutse. Hoton yana da ƙarfi, ba mai musu. Amma sojojin ruwa sun yi ta sukarsa, har aka ɗauke shi daga fada aka kai Greenwich a 1829. Tafarkin da za a bi a nan shi ne na Nicholas Pocock, wanda ya yi shekaru yana kyaftin ɗin jirgin kasuwa kafin ya zama mai zane, kuma ya kalli yaƙin 1 ga Yuni, 1794 da idonsa daga kan jirgin Pegasus. A hotunansa matuƙin jirgi yana iya gaya maka inda iska take fitowa ba tare da ya tambayi kowa ba.

15 ga Oktoba

Mako guda a kan takarda, ba a taɓa fenti ba. An zana taswirar wurin daga sama, an sa kibiya uku: iska, rana, da idon mai kallo.

Iska a ranar mai rauni ce ƙwarai, daga yamma take, ta ɗan karkata arewa. Jiragen Birtaniya sun nufi gabas, iskar tana tura su daga baya, tafiyar ba ta kai kilomita huɗu a awa ba, kamar ta mai ƙafa. Sahun abokan gaba kuwa ya fuskanci arewa. Ga abin da wannan ya wajabta: tutocin Victory za su karkata gaba, wajen goshi, a raunane. Hayaƙin igogin Faransa, waɗanda suke harbi cikin iska, zai komo kan jiragensu ya wuce gabas. Ruwan da goshin jirgi ke tsagawa ba zai yi kumfa ba.

Rana: wurin yana kan digiri 36 arewa, a ƙarshen Oktoba tsayinta da tsakar rana kimanin digiri 43 ne, tana kudu. An ajiye mai kallo kudu maso yamma da Victory, nisan mita 250, yana duban gefen dama na jirgin da ɗan ɓangaren ƙeyarsa. Jirgin zai tafi daga hagu zuwa dama. Aibin wannan wuri shi ne rana tana bayan mai kallo, irin hasken da ke baje komai ya hana shi inuwa. Ba za a matsar da rana don jin daɗin hoto ba. Abin da zai ceci siffa shi ne ƙyallayen iska, waɗanda hasken ke gogar bayansu a karkace, da inuwar da hayaƙi zai jefa kan ruwa.

24 ga Oktoba

Firam na busasshen katako, kaurin santimita 4, da gicciye biyu a tsakiya da ƙananan tsinke na katako a kowace kusurwa don ƙara ɗauri daga baya. An ja yadin daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa, ƙusa kowane santimita 5.

Ba a yi amfani da gam ɗin fata irin na mutanen da ba. Yana shan danshi ya kumbura da damina, ya ƙanƙance da hunturu, kuma wannan kai-komo ne ke tsattsaga fenti bayan shekaru. An shafa ruwan akirilik sau biyu don toshe zaren, kada mai ya ci shi, sannan farin shafe sau uku, ana gogewa da samfefa mai lamba 220 tsakanin kowane shafi. Na ƙarshen ya fi na kullum santsi da gangan, saboda igiyoyin da za a ja a ƙarshe ba za su bi layi a kan yadi mai kaushi ba.

4 ga Nuwamba

Ma'auni. Daga ruwa zuwa ƙolin babban ginshiƙin Victory mita 62 da rabi ne, tsawon gangar jikinsa kimanin mita 69. An ɗauki mita ɗaya a matsayin santimita 1.2. Ginshiƙi ya zama santimita 75, gangar jiki 83, amma tunda jirgin ya juya digiri 30 daga mai kallo, abin da ido zai gani 72 ne.

Layin ido, wato inda sama ta haɗu da teku, an ja shi santimita 38 daga ƙasan yadi. An ɗauka idon mai kallo yana mita 6 sama da ruwa. Ƙa'idar ɗaya ce, kuma ita ke riƙe da dukkan hoton teku: layin ido yana yanka kowane jirgi a tsayin mita 6 daga ruwa, ko yana kusa ko yana nesa. Don haka inda Victory ya taɓa ruwa yana santimita 7.2 ƙasa da layin. Bucentaure, mai nisan mita 330, ma'auninsa 0.9, nasa 5.4. Santisima Trinidad, ƙaton jirgin Sifaniya mai hawa huɗu na igogi wanda ke gaban Bucentaure, nisansa ninki biyu ne na Victory, nasa 3.6.

An fara da gawayi. Layin farko ba na ruwa ba ne, lanƙwasar gefen jirgi ce daga goshi zuwa ƙeya. Idan ita ta karkace, tagogin igwa arba'in da wani abu da ke gefe ɗaya duk za su bi ta su karkace.

13 ga Nuwamba

Kurakurai biyu, an kama su tun suna gawayi.

Na farko, Bucentaure ya fito kamar abin wasan yara yana yawo a gaban Victory. Girman jirgin daidai ne, gindinsa ne aka sauke santimita 9 ƙasa da layin ido maimakon 5.4. Ido ya karanta shi a matsayin na kusa, ga shi kuma ƙarami. An share, an ɗaga.

Na biyu ya fi ciwo, ya ci kwana uku. An zana ƙeyar Victory daga zanen ginin farko. Thomas Slade ne ya tsara jirgin, aka fara gina shi a Chatham a 1759, aka tura shi ruwa ranar 7 ga Mayu, 1765, da baranda buɗaɗɗu a baya. Amma a babban gyaran 1800 zuwa 1803 an cire barandan, an rufe ƙeyar da jerin tagogin gilashi hawa uku, an kuma sauya gunkin goshi. Jirgin da ya je Trafalgar na 1803 ne. Wanda zai zana jirgin da ya yi shekara arba'in a ruwa sai ya tambayi kowace takarda da ke gabansa: ke ta wace shekara ce? Hotunan kamara na wajen 1900 ma tarko ne, domin lokacin an zagaye goshin, an yi masa fentin baƙi da fari. Jirgin da ke busasshen kwari a Portsmouth tun 1922 an mai da shi kamannin 1805, shi ne madogara ga gangar jiki. Ga ginshiƙai kuwa bai isa shaida ba: na ƙasan na ƙarfe ne da aka sa a ƙarshen ƙarni na 19, na saman kuma an sauke su saboda gyara.

25 ga Nuwamba

An bi layin gawayi da fentin amba (launin ruwan ƙasa mai duhu) mai ruwa-ruwa, an kakkaɓe gawayin. Shafin farko launi biyu kawai, amba da fari, don a raba haske da duhu. Mahaɗi: man linsid kashi ɗaya, tafentin kashi uku. Shafi na biyu zai zama ɗaya da biyu, na ƙarshe ɗaya da ɗaya. Kowane shafi ya fi na ƙarƙashinsa mai, in ba haka ba na sama ya riga bushewa ya tsage. Amba na bushewa da wuri saboda sinadarin manganis da ke cikinsa, kwana biyu ya isa. Farin zinki ba zai shigo aikin nan ba ko kaɗan, yana ƙeƙashewa ya ɓare da tsufa.

9 ga Disamba

Sama. Farin titaniyam, shuɗin altramarin kaɗan, jar ƙasa ɗan mitsitsi don kashe kaifin shuɗin. Tana yin haske da ɗumi yayin da take gangarowa layin ido. An shafe ta gaba ɗaya a zama ɗaya, har ta kan wurin ginshiƙai da igiyoyi. Wanda ya zagaye ginshiƙi da fentin sama zai bar masa farin gefe kamar an yanko shi da almakashi an manna.

Hunturu ya shigo da ƙarfi, kuma an yi sakaci dare ɗaya an bar hoton a buɗe. Da safe kusurwar hagu ta sama ta yi kamar samfefa. Fentin mai ba ya bushewa ta hanyar ƙafewa, iskar shaƙa yake sha a hankali ya daskare, don haka busasshiyar iska ba ta gaggauta shi, sai dai ta kawo masa ƙura. Fari kuma yana cikin masu jinkiri. Ba a taɓa wurin ba sai da ya yi kwana takwas, aka kankare da reza a kwance, aka sake shafawa. Daga yanzu: a yayyafa ruwa a daɓe kafin aiki, a karkato hoton gaba kaɗan, a rufe shi da rumfar yadi wadda ba ta taɓa fuskarsa.

Katakon firam ya ɗan ƙanƙance, kusurwa ɗaya ta yi tamoji. An buga tsinken kusurwar sau biyu a hankali. Ba a ƙara ba, domin damina za ta mai da katakon yadda yake.

2 ga Janairu, 2025

Teku, kuma nan ne jarabar yin ƙarya ta fi yawa. Hannu yana son farin kumfa da raƙuman ruwa masu tsini, domin yaƙi ake zanawa. Ranar ba haka take ba. Fuskar ruwa a kwance take, amma akwai dogon kumburi mai nauyi da ke birgimowa daga yamma, alamar guguwar da ta auka musu washegari ta yi kwanaki, ta hallaka yawancin jiragen da aka kama. Nelson ya gane alamar, shi ya sa ya ba da umarnin a shirya sakin anka bayan yaƙi.

An zana kumburin a matsayin tuddai masu faɗi, huɗu kacal a duk faɗin gaban hoto, suna ƙanƙancewa suna matsuwa yayin da suke nisa. Fuskar tudun da ke kallon mai kallo tana nuna launin ruwan kansa, shuɗin Furushiya da amba da ɗan rawayar ƙasa. Bayansa mai kwanciya yana ɗaukar launin sama. Shuɗin Furushiya mugu ne, ɗigo ɗaya ya rinjayi cokali guda na fari, don haka a gefen allo ake haɗa shi da amba kafin ya kusanci sauran.

Kumburin yana da hannu a tsayuwar jiragen. Yana dukan Victory daga baya, ginshiƙansa suna nan kusan a miƙe. Yana dukan jiragen Faransa da Sifaniya a haƙarƙari, suna tangaɗi hagu da dama, abin da ya ɓata musu saiti a farkon harbi. An karkatar da ginshiƙan Bucentaure digiri 6 zuwa dama, na Redoutable digiri 4 zuwa hagu. Da zarar an yi haka sai tekun ya fara motsi, fiye da duk abin da buroshi ya yi wa ruwan.

A goshin Victory, ɗan murɗin ruwa mai kaurin milimita uku. Shi ke nan.

20 ga Janairu

Gangar jiki. Rawaya mai kaifi irin ta ɗorawa da aka saba gani a hotuna ba ita ce ta 1805 ba. Masu binciken da suka yanki samfurin fentin jirgin sun sami shafi har 72 a wasu wurare, kuma a 2015 aka sake masa fenti bisa abin da suka gano: ratsin ya koma launi mai haske da ke tsakanin ruwan madara da ruwan hoda, baƙin kuma ya koma toka mai duhu. Haɗin da ya yi daidai a nan: fari kashi shida, rawayar ƙasa kashi biyu, jar ƙasa rubu'in kashi. Baƙin kuwa altramarin ne da amba da ɗan fari. Baƙin ƙashi shi kaɗai yana jinkirin bushewa, yana kuma zama kamar rami a cikin hoto.

Igwa 104 jirgin ya ɗauka a ranar. A gefe ɗaya: 15 masu cin ƙwallon laba 32 a hawan ƙasa, 14 masu laba 24 a na tsakiya, 15 masu laba 12 a na sama, sauran a bene. Tagogin hawa ɗaya ba sa zama daidai kan na ƙarƙashinsu, a saɓe suke kamar jeren tubali, don kada haƙarƙarin jirgi ya yi rauni. Tagar ƙasa mita 1.4 kacal take sama da ruwa, wato santimita 1.7 a hoto. Wannan kusanci da ruwa shi ke nuna nauyin jirgin, kuma yawancin masu zane suna ɗaga shi ya zama kamar kwalekwale marar kaya.

Murafen tagogi a buɗe suke, an ɗaga su sama. Wajensu baƙi, cikinsu ja. An fara shafa musu ja, sai aka tuna idon mai kallo yana mita 6, sama da hawa biyun ƙasa. Daga can baƙin samansu ake gani, jan sai ɗan siririn layi a baki. An gyara. Hoton ya yi asarar ja mai daɗin ido, amma murafen sun zauna inda ya kamata.

Inda kumburin ruwa ya janye daga ciki, an bar ɗan ratsin jan ƙarfen da aka lulluɓe gindin jirgin da shi tun 1780. Ba mai ƙyalli ba, launin tsohon kwabo da ɗan tsanwa.

10 ga Fabrairu

Ƙyallayen iska na zaren lilin ne, launinsu tsakanin toka da ruwan ƙasa mai haske, ba fari fat ba. Ana ɗinka su daga yadi mai faɗin inci 24, don haka layukan ɗinki suna sauka daga sama zuwa ƙasa kowane milimita 7 a ma'auninmu. Ba duka aka ja ba, sai inda ƙyalle ya yi ciki, domin su ne ke nuna lanƙwasar.

Akwai shaida ɗaya da ba ta da na biyu. Ƙyallen hawa na biyu na ginshiƙin gaba, wanda ya sha wuta a ranar, yana nan har yau a ajiye a Portsmouth. Ƙasansa ƙafa 80, samansa 54, zurfinsa 54, da huji kusan 90 a jikinsa. A hoto ƙasansa zai zama santimita 29, amma daga inda mai kallo yake rabin hakan zai gani. An sa huji 30 da yaga ɗaya, tunda sauran na awannin da ba su zo ba ne. Hujin ƙwallon igwa a ƙyalle ba da'ira ba ce mai tsabta, yana bin zare ya yage, kuma launin abin da ke bayansa ake sa masa, ba baƙi ba.

Victory ya shafe kimanin minti arba'in yana tunkarar wuta da goshi kafin ya iso. A mintinmu saman ginshiƙin baya ya riga ya karye yana reto, ƙarin ƙyallayen da aka miƙa a gefe don kama iska sun zube, an farfasa sitiyarin jirgin har sai daga ƙasa mutane ke jan akalarsa da igiya, kuma mutum kusan 50 sun mutu ko sun ji rauni. Babban ƙyallen ƙasa na tsakiya an naɗe shi sama, kamar yadda ake yi idan iska na baya, don kada ya tare wa na gaba. Sauran suna rataye da ɗan ciki kaɗan, ƙasansu a sake.

3 ga Maris

Tutoci. Farar tutar sojan ruwa a baya, domin Nelson ya umarci dukkan jiragensa su ɗaga ita. A kusurwarta tutar haɗaka ta 1801, mai jan gicciyen Ailan a karkace. Farar tuta mai jan gicciye a ƙolin ginshiƙin gaba, wurin mai muƙamin mataimakin admiral. A babban ginshiƙi tutoci biyu na saƙo mai lamba 16, wanda ke cewa a ƙara matsar abokan gaba. Sanannen saƙon Nelson na kiran kowa ga aikinsa, wanda Turner ya zana, an riga an sauke shi tun kafin azahar.

Launukan tutocin lamba an ɗauko su daga tsarin da aka sauya a 1803. Hotuna da yawa na ƙarni na 19 da farkon na 20 sun bi na 1799, sai a 1908 Perrin, mai kula da laburaren hukumar sojan ruwa, ya gano an canza lambobin bayan Faransawa sun kama littafin saƙo a wani ƙaramin jirgi.

Ƙaramin abu mai muhimmanci: zobban ƙarfen da ke ɗaure ginshiƙan Birtaniya an shafe su da rawaya bisa umarnin Nelson, na Faransa baƙaƙe ne, don a bambance ginshiƙi cikin hayaƙi. An bi wannan.

24 ga Maris

Mako na uku a kan igiyoyi. Jirgin yana ɗauke da igiya mai tsawon kusan kilomita 42 da kurar jan igiya 768. Ba mai iya zana duka, kuma wanda ya gwada zai sami gidan gizo-gizo. Dokar da aka kafa: duk igiyar da ta shiga hoto sai an san inda ta tashi, inda ta ƙare, da aikin da take yi. Wadda ba a iya amsa mata tambayoyin nan uku ba, ba ta shiga.

Iri biyu ne. Masu riƙe ginshiƙai a tsaye an shafe su da kwalta, launinsu ruwan ƙasa mai duhu sosai, a ɗaure suke tamau, da ɗan sassauci ƙalilan saboda nauyinsu. Waɗanda ake ja don sarrafa ƙyalle launin rama ne, kuma a iska mai rauni irin wannan suna lilo a sake. Kauri ma ya bambanta. Babbar igiyar da ke riƙe ginshiƙin tsakiya daga gaba tana kusan milimita biyu a hoto, na gefe milimita ɗaya, matakalar da aka saƙa a kansu kuwa ba ta kai kaurin gashi ba, tazararta milimita huɗu. Ita an nuna ta ne kawai inda take gaban ƙyalle mai haske, aka bar ta ta ɓace a sauran wurare.

Kayan aiki: siririn buroshi mai dogon gashi lamba 0 da 1, da sandar jingina hannu. Fenti ya zama kamar tawada, yana zuba daga bakin buroshi amma ba ya ɗiga. Ana jan layi da numfashi ɗaya, daga kafaɗa. Rula tana ba da layin da ya mutu. Ga dogaye, ana manna zare da salatef a bakin firam a ga hanyar tukuna, a sa ɗigo uku na alli, a cire zaren, sannan a ja.

Abin da ya lalace: a kan sararin sama layin ya riƙa tsinkewa yana taruwa ɗigo-ɗigo kamar ruwa a kan leda. Shafin saman ya yi mai da yawa, ya bushe da santsi, sabon fenti ya rasa abin kamawa. An goge layukan tun suna ɗanye, an shafa wurin da tsumma mai ɗan tafentin, an bar shi awa ɗaya, sannan fenti ya kama. Amfanin barin ƙasa ta bushe sarai ke nan: igiyar da ta karkace tana fita da tsumma ba tare da ta tafi da sama ba.

Igiya ɗaya ba ta riƙe launi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A gaban sama duhu ce, idan ta ratsa gaban baƙar gangar jiki sai ta fi ta haske. Waɗanda harbi ya tsinka suna rataye a miƙe zuwa ƙasa, da ɗan karkata gaba.

14 ga Afrilu

Mutane santimita biyu ne, kowanne bugun buroshi uku ko huɗu. Jajayen riguna na sojojin bindiga a benen baya, fararen dunƙulen shimfiɗun barci da aka jera a raga gefen bene don tare harsashi, ƙananan kwalekwale ana janye da su a baya. A goshi ta hagu, mutane kaɗan a kan gajeriyar igwa mai faɗin baki, mai cin ƙwallon laba 68, wadda aka ɗura wa ƙwallo ɗaya da gwangwanin harsashi 500. Ita ce za ta fara harbi ta tagogin ƙeyar Bucentaure, amma a mintinmu ba ta tashi ba. Dandamalin saman ginshiƙan Victory babu 'yan bindiga, Nelson ya hana saboda tsoron wuta a ƙyalle. Na Redoutable cike suke, domin kyaftin Lucas a kan wannan ya horar da mutanensa, kuma daga can harsashin da zai sami Nelson zai fito. An ƙara wa waɗannan ƙananan siffofi haske kaɗan fiye da na kewaye.

Hayaƙin albarushi fari ne mai kauri, da ɗan rawaya kusa da bakin igwa, toka mai shuɗi a inuwa. Ana sa shi da busasshen buroshi, shafi a kan shafi, yana cinye wasu igiyoyin da aka sha wahalar ja. Zagaye na farko ya tashi sama da yawa kamar na gobarar daji. A iska mai rauni yana kwanciya kan ruwa ne yana jan ciki zuwa dama, har Santisima Trinidad ba a ganin komai nasa sai ginshiƙai da ɗan jan gefensa. An sauko da shi.

Duhun gangar jiki da na ruwan gaba ya dusashe ya yi fari-fari a wurare, shafin ƙasa ya tsotse mansa. An goga mahaɗi kaɗan da tsumma, an share har sai da ya kusa ƙarewa, launin ya dawo. Banish, wato shafin kariya na ƙarshe, sai bayan wata shida aƙalla daga bugun ƙarshe, kuma a ranar da babu danshi, don haka ba kafin Nuwamba ba.

Saura: igiyoyin Redoutable, goshin jirgin Birtaniya Temeraire da ke shigowa ta gefen hagu, wuraren da ƙwallaye ke faɗawa ruwa, da inuwar ƙyallen hawa na biyu na ginshiƙin tsakiya a kan na gaba, wadda a halin yanzu ta faɗi kamar rana tana digiri 60. Za a sake auna ta da ƙaramin samfurin kwali da fitila a tsayin digiri 43 kafin a taɓa fenti.